Baƙin Hunturu Sun Sauka a Dagona, Masu Gida Ba Su Leƙa Ba

Duk shekara, idan damina ta yi sallama, shamuwa ta bar sheƙarta a kan tsamiya ko kukar tsakar gari ta nufi kudancin Afirka, wasu baƙin ne ke maye gurbinta. Sai dai su ba wanda ke ɗokin zuwansu, yara ma ba sa yi musu waƙa. Daga Oktoba zuwa Nuwamba suke sauka, dubbai a kan dubbai, a tafkuna da fadamun da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa. Wasu daga gabashin Turai suke, wasu daga Rasha, wasu kuma daga can ƙuryar Saiberiya inda ƙanƙara ke rufe ruwa wata da watanni. 'Yan ci-rani ne na gaske: sanyi ya hana su abinci a gida, sun fito neman abin sawa a baka, kuma da Maris ya kama za su fara haramar komawa.

Wanda ya isa bakin tafkin Dagona, ɗaya daga cikin waɗannan tafkuna, da asubar watan Janairu, kunnensa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Hazo ya lulluɓe ruwan, sanyi na ratsa riga, amma daga cikin duhun ana jin fiton kirinjijiya, sau uku-uku, garke na amsa wa garke. Da gari ya fara wayewa sai a ga ashe ruwan cike yake. Ga dinya, baƙa mai fari a ciki, tana tafe a gefe da ƙasaita. Ga zalɓe a tsaye cak cikin ruwa iya gwiwa yana jiran kifi. Ga wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado ba ya nutsewa. Waɗannan duk 'yan gida ne, suna nan rani da damina. Baƙin kuwa su ne ƙananan agwagin daji masu launin ƙasa da ke cunkushe a tsakiya. A farkon zuwansu da wuya a bambanta namiji da tamace, amma zuwa Fabrairu sai wani farin layi ya fito wa namijin daga saman ido ya gangara har ƙeya, alamar ya fara shirin komawa gida yin aure. Nauyin ɗaya bai kai rabin kilo ba. Da wannan ɗan jikin ya ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara.

A can bakin gaɓa, inda ruwa ya janye ya bar taɓo, wasu masu dogayen ƙafafu ne ke kiwo, suna tashi gaba ɗaya su juya a sama su sake sauka. Su ne ke bin gonakin shinkafar da aka girbe suna tsintar abin da ya zuba. Cikinsu akwai masu ƙyanƙyasa a gabashin Saiberiya, waɗanda tafiyarsu zuwa da komawa ke kusantar kilomita 30,000 a shekara. Idan Fulani suka kawo shanu shan ruwa, sai ga wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa a ciki, suna kaɗa jela, suna bin sawun shanun suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Su ma baƙi ne.

Wannan abin kallo yana nan kyauta duk hunturu, tafiyar yini ɗaya ce daga Kano. Amma a tambayi ɗalibai ɗari a wata sakandare ta Kano ko Dutse ko Damaturu, nawa ne suka taɓa jin sunan Dagona? A tambayi manyan ma'aikatan da ke kwasar iyali zuwa Dubai hutun ƙarshen shekara, nawa ne suka taɓa taka Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma? Yankin bai yi suna ba ko a jihohin da ke da shi, kuma wannan rashin sani shi ne babbar cutar da ke cinsa.

A takarda, dausayin Haɗeja da Nguru ba ya rasa lambar girma. A 1987 aka kafa shirin kare shi da haɗin gwiwar ƙungiyar kare muhalli ta IUCN, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, da masu kare tsuntsaye na Birtaniya. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan zamani, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ya zo Dagona da ƙafarsa. A 1991 Dagona ta shiga cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, a sashen Bade da Nguru. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a Iran a 1971. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. A 2020 UNESCO ta ayyana yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin hurumin halittu na duniya, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince Baturiya ta zama gandun dajin ƙasa. An ƙirga nau'in tsuntsaye kusan 377 a yankin, kuma a ƙidayar Janairun 1997 tsuntsayen ruwa kaɗai sun haura 300,000.

Lambobin girma sun yi kyau. Amma tsuntsu ba takardar shaida yake zuwa nema ba, ruwa yake nema, kuma ruwan ne aka daɗe ana wasa da shi.

Yadda wurin ke rayuwa ba shi da wuyar fahimta. Kogin Haɗeja ya taso daga ƙasar Kano, kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, sai su rarrabu su bazu, su malale ƙasa a Agusta da Satumba, kafin su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Wannan malalar ita ce jarin kowa. A cikinta tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa. A kanta ake noman shinkafar fadama. Idan ruwa ya fara janyewa, manomi ya bi damshin da wake da sauran amfanin rani, makiyayi ya samu ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe, mata su samu kaba da goruba da bado. Wani kason ruwan kuma ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin. Tsuntsayen Turai na isowa ne daidai lokacin da ruwan ya fara ja da baya, taɓo ya bayyana, abinci ya yawaita.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan kogin Haɗeja. Fari ya zo ya ƙara nasa. Ƙasar da ruwa ke malalewa, wadda ta haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Ba wanda zai ce Tiga ba ta yi amfani ba. Kano na shan ruwanta, tumatir da shinkafar Kadawa da Kura daga ita suke. Amma akwai lissafin da aka yi tun farkon shekarun 1990 wanda har yau masu mulki ba su so su kalla ba. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ake samu daga noma, kamun kifi da itace a dausayin, suka kwatanta da abin da ake samu daga noman rani na aikin Kogin Kano da ke shan ruwan Tiga. Idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, dausayin ya ninka aikin noman ranin sau da yawa. Kuma ba su sa kiwo da ruwan rijiya a cikin lissafin ba, balle tsuntsaye. An ɗauke ruwa daga inda ya fi riba an kai inda ake iya yanka kintinkiri a ɗauki hoto.

Ɓarnar madatsun ba ta tsaya a rage ruwa ba, ta canja masa ɗabi'a. A da kogin na cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, mashigai ba sa bushewa, kuma babu babbar ambaliyar da za ta wanke su. Abin da ya ji daɗin wannan yanayi shi ne kacala. Duk wanda ya bi hanyar Haɗeja zuwa Nguru ya ga yadda wannan doguwar ciyawa, wadda ta fi mutum tsawo, ta cinye dubban kadada. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, kogi ya bar tsohuwar hanyarsa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyuka ruwa ya cinye gonakinsu dindindin, wasu kuma a gabas ruwan ya daina isa gare su. Kwalekwalen masunci ba ya ratsa kacala. Agwagwar daji ba ta sauka a cikinta, don buɗaɗɗen ruwa take so. Masu samun mafaka a ciki su ne sauro, da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, da jan-baki.

A nan ya kamata a tsaya, domin a nan ne manomi ke da hujja mai ƙarfi. Mutumin da jan-baki ya sauka wa gero ko shinkafa ya share wahalar shekara a yini biyu, wanda 'ya'yansa ke wuni a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu, ba zai saurari mai zancen kare tsuntsaye da daɗin rai ba. Yana da gaskiya. Sai dai jan-baki ba baƙon Turai ba ne, ɗan ƙasa ne, kuma kacalar da ta kori agwagin ita ce ta zame masa masauki. Aikin da zai rage jan-baki, wato share kacala da maido wa kogi cikarsa da ƙafewarsa, shi ne dai aikin da zai dawo da kifi da baƙin hunturu. Manomin Guri, masuncin Nguru da agwagwar Saiberiya buƙatarsu ɗaya ce. Wanda ya ce sai an zaɓi tsakanin mutum da tsuntsu bai san wurin ba.

Turawa sun daɗe da gane cewa makomar tsuntsayensu a Sahel take. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Tana nan a adane a Jami'ar Rostok, kuma tana cikin hujjojin farko da suka nuna musu inda tsuntsaye ke ɓacewa da sanyi. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka tarar wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke ko'ina a shingayen gonakinsu, ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Da aka bi diddigi sai aka gano farin da ya fara a Sahel ne ya kashe su. Tsuntsayen sun ba da labarin masifar tun kafin duniya ta ga hotunan yunwar 1973. Shi ya sa ƙidayar da ake yi kowane Janairu ba wasan masu kuɗi ba ce. Yawan tsuntsayen da suka sauka a Dagona ma'auni ne na yawan ruwan da ya iso, kuma yawan ruwan shi ne yawan kifin da za a banda a kai kasuwa.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne, maƙwabta sun gwada an gani. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta busar da fadamar Logon da ke gefen gandun Waza, kifi ya ƙare, makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata kafa a jikin ganuwar kogin aka bar ruwa ya sake malala kan kimanin murabba'in kilomita 200. Ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, shanu da tsuntsaye suka dawo. A Senegal kuma akwai Juj, hurumin tsuntsaye mai kadada 16,000 kusa da birnin Sen Luwi, wanda aka kafa a 1971. Shi ma ya sha wahalar madatsa da ciyawar ruwa har UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, aka yi aiki aka cire shi a 2006. Yau baƙi na biyan kuɗi su shiga jirgin ruwa su je kallon ƙwasa-ƙwasa a inda take ƙyanƙyasa, mutanen ƙauyukan kewaye kuma na cikin masu tuƙa jiragen da masu yi wa baƙi jagora. Wanda ke cin abinci daga tsuntsu mai rai ba sai an yi masa wa'azin barin farauta ba.

Najeriya ma ba ta rasa tsari ba. A 2006 jihohi shida da ke kan wannan ruwa, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Yobe. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan tun 1976. An sayo injinan yankan ciyawar ruwa, al'ummomi kuma sun sha fita aikin gayya da lauje da adda suna buɗe mashigai. Abin da ya rage shi ne yanke hukuncin da ke da wuya a siyasance: a tsara yadda Tiga da Challawa za su riƙa sakin ruwa mai yawa a kan lokaci da damina, a rage na rani yadda mashigai za su samu bushewa, a kuma sanar da mutanen ƙasa tun da wuri don kada sakin ya zame musu bala'i irin ambaliyar 2022. Haka nan duk mai sake tayar da zancen madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ya tuna cewa wannan kogin ne ya rage ba a ɗaure ba, kuma yawancin ruwan da ke isa Gashuwa da Geidam nasa ne.

To me ya haɗa wannan da zuwa kallon tsuntsaye? Abin da ya haɗa su shi ne, gwamnati ba ta kare abin da jama'arta ba su damu da shi ba. Muddin masu zuwa Dagona 'yan bincike ne daga waje da ɗaiɗaikun malaman jami'a, to kasafin kuɗi zai ci gaba da tsallake wurin. Matsalar tsaro da ta addabi Yobe da Borno ta kori baƙin waje shekara da shekaru, kuma jiran dawowarsu ɓata lokaci ne. Kano kaɗai na da miliyoyin mutane, da ɗaruruwan makarantun da ke kai yara yawon buɗe ido gidan zu da filin jirgi. Akwai jami'ar tarayya a Gashuwa, akwai a Dutse, akwai ta jiha a Kafin Hausa, duk a jihohin da ke da dausayin. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke horar da 'yan Afirka tun farkon shekarun 2000, kuma ɗalibanta na iya koya wa samarin ƙauyukan Dagona da Baturiya aikin jagora cikin 'yan watanni. Samarin ma sun riga sun san tsuntsayen, sun san inda kowanne ke kwana. Abin da suka rasa shi ne tabaron hangen nesa da mai biyansu ladan aiki.

Abin da baƙo ke buƙata bai taka kara ya karya ba: hanya mai kyau, rumfar da zai zauna ya yi kallo ba tare da ya firgita tsuntsaye ba, kwalekwale mai rigar ruwa, makewayi mai tsabta, wurin salla, da ɗaki mai gidan sauro. Masarautar Bade na da bikin kamun kifi na Gogaram da kan faɗo a ƙarshen hunturu, lokacin da baƙin ke nan ba su tafi ba. Ranar dausayi ta duniya kuma 2 ga Fabrairu ce, tsakiyar lokacin. Haɗa waɗannan cikin mako guda na ziyara ba ya buƙatar rancen Bankin Duniya.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sarakuna da malamai. Har yanzu ana kama tsuntsayen da raga da tarko, wasu ma da guba, abin da ke zama haɗari ga mai cin naman. Dokar gandun daji ta hana farauta a hurumin, amma ma'aikatan gandu 'yan kaɗan ne, dajin kuma da faɗi. Ƙasar Hausa ta riga ta san yadda ake girmama tsuntsu mai ƙaura, domin shamuwa na yin sheƙa a tsakiyar gari ba wanda ke jifarta, kuma ba ɗan sanda ne ya hana ba, tarbiyya ce. Idan Sarkin Haɗeja, Mai Bade da Sarkin Nguru suka yi magana da murya ɗaya, limamai suka ɗauki zancen a huɗuba, sarakunan ruwa da na baka suka tsaya a kai, baƙin hunturu za su samu irin wannan alfarmar a wuraren da aka keɓe musu.

Ga mai karatu da ke da hali, lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ya tuntuɓi ma'aikatan gandun kafin ya tashi, don izinin shiga da sanin halin hanya. Ya kwana a Gashuwa, Nguru ko Haɗeja, ya yi sammako da rigar sanyi mai duhun launi, ya rage surutu a bakin ruwa, kada ya taɓa mataccen tsuntsu saboda murar tsuntsaye. Ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora ya biya shi da kyau, ya sayi bandar kifi da tabarmar kaba a hannun masu yi. Ya kuma tafi da 'ya'yansa. Gwamnonin Jigawa da Yobe kuwa, su fara da abu ɗaya a wannan hunturun: kowace sakandare da ke masarautun Haɗeja, Bade da Nguru a ba ta mota da jagora ta kai ɗalibanta bakin ruwan kafin Maris.